Motar da Ba Ta Shiga Layin Baba

Ƙarfe takwas da kwata wayar ta fara ruri, Auta yana durƙushe a ƙofar gida yana goge ƙafar motarsa da tsumma. Ya leƙa, ya ga babbar yayarsu ce. Ya bar wayar ta yi kukanta ta gaji. Ta sake. A na uku ya ɗauka.

"Yaya, ina kwana?"

"Ajiye gaisuwar nan, anjima ka ɗauki abinka. Motata ta zauna. Ta tashi, amma ko taku ɗaya ta ƙi yi. Bakanike ya zo ya ce giya ce, sai an sauke. Ƙarfe goma babban likita zai ga Baba. In muka wuce goma sai bayan wata uku, kuma maganinsa jiya ya ƙare."

"Subhanallahi. Ba ki nemi tasi ba?"

"Biyu ma. Na farko da ya ji akwai keken guragu sai ya kashe waya. Na biyu ya ce sai sha ɗaya. Can na tuna ashe ina da ƙane, kuma ƙanen yana da mota."

Auta ya juya ya dubi motar. Ja ce, doguwa, ta kwanta da ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera.

"Yaya, ai kin san matsalar. Wannan motar ba ta shiga layin Baba. Ramin nan na bakin famfo kaɗai ya isa ya cire mata ciki."

Ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta katse.

"Auta."

"Na'am."

"Wata bakwai ke nan da zuba wa layin kwalta."

Tsumman ya suɓuce daga hannunsa.

"Da fitilu ma," in ji ta. Babu faɗa a muryarta, gajiya ce zalla. "Ina jiranka."

Shekara huɗu da suka wuce ya sayi motar. Abokansa na kasuwa, inda yake da shagon tabarau, suka ce ƙarya ce ta motsa masa. Matarsa ta ce yarinta ce ta dawo masa da furfura. Ya bar kowa da zatonsa. Mutum ɗaya ne ya kusa gano shi, bakaniken da ya raka shi filin sayar da motoci. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Maigida, injin lafiya lau. Amma wannan ko kwalin ashana ta taka sai cikinta ya ji."

"Za ta shiga layin Baba?"

"Wace? Ko a mafarki."

"To ita nake so."

Bakaniken ya ɗaga kafaɗa. Ba a kira shi don wannan ba.

Sati biyu kafin sayen motar, Auta ya shiga ɗakin mahaifinsa ya durƙusa ya gaishe shi. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota, wanda ya ɗora shi a cinya ya koya masa riƙe sitiyari, ya ƙura masa ido ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Auta ya fito ya tsaya a bakin famfo. Ya san ba zai iya sake jin wannan tambayar ba, ya kuma san ba zai iya faɗin haka da bakinsa ba. Sai ya nemo motar da za ta riƙa faɗa masa. Tun daga nan aike yake yi: buhun shinkafa, sabulu, zannuwan gado. Duk mai acaɓan unguwar ya san gidan.

Yanzu ga shi yana karya kwana ya shiga layin. Kwalta baƙa wuluk, sumul kamar an goge ta. Ya rage gudu a inda ramin yake, don ƙafarsa ta saba, amma ba rami ba alamarsa. Motar ta zame har ƙofar gida ba ta ko yi tari ba. Ya ji haushinta.

A ƙofar gidan motar Yaya take, tsohuwa, mai tsayi kamar raƙumi, bakinta a wangale. Ita ma da dalili ta zaɓe ta: ita kaɗai ce ke iya ratsa layin da damina. Yaya ta fito tana turo keken. Ta rame. Tafiya take a karkace, hannu ɗaya a ƙugu.

"Me ya sami bayanki?"

"Baba ne ya same shi. Duk Talata sai an kai shi asibiti a gasa masa ƙafa. In ɗaga shi in ɗora a waccan, in sauke, in sake ɗorawa, in sake saukewa. Ka lissafa Talatar shekara huɗu. Buɗe ƙofa, tara ta wuce."

Auta ya saci kallon mahaifinsa. An sa masa farar riga da hula, hannayensa a kan cinya. Baba bai dube shi ba. Motar yake kallo.

Ya buɗe ƙofar gaba. Yaya ta matso da keken, ta gyara tsayuwa, ta cije leɓe, ta zura hannuwa a hammatar Baba kamar yadda ta saba. Sai ta tsaya. Kujerar motar da ta keken daidai wa daida suke, ko yatsa ba ta fi ba. Baba ya dafa ƙofa, ya ja jiki, ya zame ciki da kansa, ya gyara hularsa.

Yaya ta tsaya hannuwanta a buɗe, ba kowa a ciki.

"Shi ke nan?" in ji ta. "Shi ke nan fa?"

Ta yi wata dariya gajeriya wadda ba ta yi kama da dariya ba. Auta ya sunkuyar da kai ya naɗe keken. Ya cusa shi a but, bayan mota, murfin ya ƙi rufuwa. Yaya ta zaro igiyar shanya ta ɗaure murfin, ƙarfen keken yana kankare jan fenti. Ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

Suka hau titi tara da minti ashirin. Cunkoso ya tare su a shataletale. Wata tanka ta toshe hanya, masu acaɓa suna kutsawa ta ko'ina. Auta yana duba agogo yana danna oda.

"Direba," in ji Baba.

Auta ya saci kallonsa. "Na'am."

"Daina wannan odar, ba ta ɗaga tanka. Bi hagu, ka ɓulla ta bayan gidan mai."

"Baba, an rufe nan tun tuni," in ji Yaya daga baya.

"Ke kika yi tuƙin ko ni?"

Auta ya bi hagu. Hanyar a buɗe take.

Baba ya shafa kujera, ya ƙwanƙwasa gaban motar da yatsa, ya kasa kunne ga injin. "Tana da lafiya. Amma kujerun baya ba su san mutum ba, ji yadda suke ƙamshin kanti. Ta maigidanka ce?"

"Tawa ce."

"To ka riƙa ɗaukar mutane. Mota in ba ta ɗaukar kowa, lalacewa take a tsaye." Ya juya ya dubi titi. "Ina da ɗa kamarka, autana. Yaron kirki. Yana so ya zo, motarsa ce ba ta shiga layinmu. Ko ba haka kika ce ba?"

"Haka na ce, Baba," in ji Yaya.

Auta ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ita taga take kallo.

Goma saura minti shida suka shiga asibiti. Ya kwance igiya, ya buɗe keke, Baba ya zame ya koma ciki kamar yadda ya fito. Auta ya tura shi da gudu-gudu a dogon baranda, Yaya tana ɗingishi a baya da jakar takardu. Ma'aikaciyar jinya tana cikin kiran sunan Baba karo na biyu suka iso.

Awa uku suka yi. Aka auna, aka duba, aka rubuta magani, aka ba su layin karɓa. Auta bai san zama a benci yana cin ƙashin baya haka ba. Yaya kuwa ta san kowa: ta san tagar da ba ta da layi, ta san mai shara da ke nuna banɗakin da ke da ruwa.

Da suka dawo wurin mota, Baba ya shige abinsa ya lumshe ido. Yaya ta jingina da but ta miƙo hannu.

"Ba zan yi maka wa'azi ba, ba ni da ƙarfinsa. Bayana ya gama aiki, likita ya faɗa tun bara. Motar nan Baba yake buƙata. Ko ka ba ni makullinta ka ɗauki raƙumina in an gyara, ko ka riƙa kawo ta da kanka duk Talata. Zaɓi ɗaya. Ni duk ɗaya ne a wurina."

Ya dubi makullin. In ya miƙa mata, ya huta. Zai koma shagonsa, ya ci gaba da aike, ba wanda zai sake kiransa direba. Ta ba shi ƙofar fita a buɗe, kuma ya san da gaske take, ba gwada shi take ba. Wannan ne ma ya fi yi masa ciwo.

"Ba zai gane ni ba, Yaya."

"Ni ma ba ya gane ni. Wani lokaci ni ce innarsa, wani lokaci mai aiki. Ka ga na mutu?"

Ya juya makullin a tafin hannunsa. Ya sa shi a aljihu.

"Ƙarfe nawa ne gashin?"

"Takwas. Ba takwas da kwata ba."

Ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Kafin su fita daga harabar asibitin kanta ya langaɓe a jikin gilashi, jakar magani a rungume, bakinta a ɗan buɗe. Shekara huɗu rabon da wani ya tuƙa ta.

Da suka iso bakin layin, Auta ya kunna sigina, ya dubi madubi, ya kashe. Ya wuce kwanar a hankali.

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Direba, ka wuce gidan."

"Na sani, Baba. Za mu zagayo. Fasinja tana barci."

Baba ya waiwaya ya dube ta, ya gyaɗa kai. "To bi a sannu. Ka kula da ramin bakin famfo."

"Zan kula," in ji Auta.