Hancin Kuku

Mai Hanci ake kiranta a gidan abincin da take aiki. Shekara goma sha huɗu tana kuku; tun daga bakin ƙofa take shinshinar tukunya ta ce, "Sauke, ta nuna." Sai ga annoba. Cutar ta kwantar da ita mako biyu, ta tashi da ranta, amma hanci da harshe sun mutu murus. Shayi ya koma ruwan zafi, nama kamar taunar tsumma.

Gari a kulle, cefane sai ta waya. To, nan fa aka samu matsala. Gishiri za ta shiga nema, sai hoton lemo ya faɗo. "Wannan kam dole in ji shi," ta danna. Citta, danna. Kanumfari, tafarnuwa, kofi, har da wani cuku mai ɗan karen tsada da ko sunansa ba ta iya faɗa. Mai kawo kaya ya ajiye a ƙofa ya ja da baya, ita kuwa ta yage leda, ta cusa hanci. Shiru kake ji. Ta ture, ta koma kan waya.

Kwalaye suka cinye rabin falo. Manaja ya bugo ya ce ran Litinin za a buɗe gidan abincin.

"Kin dai warware ko?"

"Garau," in ji ta. Wannan aikin ne cinta da shanta.

Ran Asabar aka sassauta kulle, ƙanwarta ta zo dubiya. Ƙafa ɗaya ta sa a falo ta yi baya da sauri, tana toshe hanci ta saman takunkumi.

"Innalillahi! Yaya, me ya mutu a ɗakin nan?"

Suka bi kwalaye ɗaya ɗaya. Can ƙasa, dab da kujerar da take wuni a kai, ga ɗanyen kifi da ta danna ran Talata don an yi rangwame, ta manta da shi shaf. Ya kumbura, ya yi kore. Kwana huɗu a gefensa take cin abinci.

Ƙanwar ta ruga waje tana kakarin amai. Ko da ta dawo, ta iske yayarta durƙushe, fuska cikin ledar, tana ja da ƙarfi, hawaye na zuba.

"Yaya, mene ne haka? Sake shi!"

"Ƙyale ni," ta ce. "Ko warin ne in ji."

Ta sake ja. Babu komai.