Hoton da Baba Yake Wa Magana

A wurin aiki Hannu-Goma ake ce masa. A gida kuwa Auta ne, ko da yake ya ba arba'in baya, har furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnensa. Aikinsa rarraba motoci a wani kamfanin kai kaya: firji, gado, injin wanki, duk abin da mutum zai saya ya rasa yadda zai kai gida. Motoci tara ne a hannunsa da direbobi tara, kowanne da irin tasa rigimar. Ofishin nasa ɗan ɗaki ne a ƙuryar sito. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fanka mai ƙara, sai tabilet ɗin kamfani da yake jinginewa a jikin wani tsohon kwalin takardu.

A cikin tabilet ɗin nan yake wuni. Ga taswira mai nuna inda kowace mota take, ga jerin kayan da za a kai, ga saƙonnin direbobi, ga na masu kaya da suke tambayar ina gadonsu tun kafin a ɗora shi a mota. Yatsu huɗu yake sawa ya share fuskar tabilet ɗin, wannan manhaja ta wuce, waccan ta shigo, kafin ka ce me ya koma ta farko. Manaja yakan kawo baƙi su tsaya a bakin ƙofa su kalle shi. Shi kuma, a gaskiya, abin yana masa daɗi, har ƙara sauri yake yi in ya ji ana kallo.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Babansa ya shanye, maganarsa ta tafi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aski, yana cika kunnen duk wanda ya zauna a kujerarsa da labari ko ya so ko bai so ba, yanzu sai ido. Yana can wani gari a gidan Yaya, babbar 'yarsa, tafiyar awa biyar a mota. Likita ta ce a riƙa yi masa magana kullum, a ba shi dama ya gwada, domin watannin farko su ne masu muhimmanci, in suka wuce abin yana wuya. Tun ranar da Baba ya faɗi, Auta bai ji kalma ɗaya cikakkiya daga bakinsa ba. Yana tsoron ba zai sake ji ba, kuma tsoron nan bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Saboda haka ya ware ƙarfe huɗu na yamma domin kiran Baba. Kullum, ba fashi. Yaya takan jingine wayarta a jikin filas a gaban Baba, ta koma kicin ta bar su, kiran bidiyo na minti ashirin.

"Baba, barka da yamma. Ya jiki? Da sauƙi ko? To madalla. Yau da me za mu fara?"

Baba ya tattaro leɓensa. "Ru... ru..."

"Ruwa! Yawwa Baba, ruwa. Ka gani? Sai na gaba."

Baba ya dubi tagar da iska ke kaɗa labulenta. Rufe yake son cewa, amma an riga an ba shi ruwa.

Sai saƙo ya faɗo ta saman tabilet: Dogo, direban mota ta bakwai, ya kai firji hawa na uku an ce ba nan ba ne. Yatsu huɗu, shuu. Auta ya shiga taswira, ya leƙa jerin kaya, ya tura wa Dogo lambar gidan daidai, ya ba mai firjin haƙuri. Duk wannan yana yi yana gyaɗa kai yana cewa "Uhm, haka ne Baba, ina jinka," domin a zatonsa Baba yana can yana kallonsa. Bayan minti uku ko huɗu ya dawo, ya tarar da tsohon yadda ya bar shi, ya ci gaba daga kalma ta gaba. Wata biyar ana haka. Shi a lissafinsa babu ɗan da ya kai shi kula da uba, ga aiki kuma bai tsaya ba.

Wata Laraba da hantsi Yaya ta kira shi. Ya ɗauka ya sa a lasifika, hannunsa yana kan taswira.

"Auta, jiya Baba ya ce shayinsa ya huce."

"Wa ya ce?"

"Baba."

"Da hannu ya nuna?"

"Da baki. Shayi, ya, huce. Kalma uku, ina kicin na ji."

Yatsun suka tsaya. "Yaushe?"

"Huɗu da minti goma."

"Haba Yaya, huɗu da minti goma ai ina kan layi da shi. Ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Ai ba ka nan."

"Ina nan mana! Ɗan leƙawa kawai na yi wajen direbobi, amma fuskata tana gabansa."

"Fuskarka kam tana nan," in ji Yaya. "Tsaya in turo maka ita."

Hoto ya shigo. Shi ne, ba musu. Baki a ɗan buɗe, ido ɗaya ya kusa rufewa, ga wani ƙaton yatsa ya tokare kusurwar hoton. A ƙasa an rubuta da ƙananan haruffa cewa an dakatar da kira.

Ashe tabilet ɗin kamfani tsoho ne, ba ya iya riƙe kira da wani aiki a lokaci ɗaya. Da ka share zuwa wata manhaja sai ya dakatar da kiran gaba ɗaya, hoto da murya, ya bar wa na can ɓangaren fuskarka a daskare yadda ta kasance a daƙiƙar ƙarshe. Shirun da Auta yake ji yana ɗauka na Baba ne, na tabilet ne. Duk gyaɗa kan nan da "ina jinka Baba" na wata biyar, fanka kaɗai ta shaida.

"Tun yaushe yake magana?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Sati uku ke nan. Da farko kalma ɗaya, yanzu har uku yake haɗawa. Amma sai hotonka ya tsaya. Da ka dawo ya kama bakinsa."

"Sati uku, ba ki gaya mini ba?"

"Na zata ka sani. Na ɗauka dabara ce likita ta koya maka. Jiya ne na ga ka dawo ka ce masa ya ce ruwa, bayan ya gama jimla, na gane ba ka san komai ba."

"To ke yana miki magana?"

"Ina! Ni ma ai irinka ce, kafin ya buɗe baki na miƙo masa abin. Na gwada ɗaukar muryarsa in turo maka, da ya ga na matso ya juya kai bango. Hoton nan dai yake wa magana. Shi ba ya sauri, ba ya ƙarasa masa kalma, ba ya cewa yawwa."

Auta ya daɗe yana kallon hoton. Kunya ta kama shi, sai kuma wani abu da ya fi kunya ciwo: kishi. Kishin wannan banzan hoton mai buɗaɗɗen baki, wanda ya ji muryar Babansa sati uku shi bai ji ba.

A ranar da ƙarfe huɗu ya rufe komai. Ya kashe sanarwar saƙonni, ya gyara zama, ya matso da fuskarsa kusa da kyamara, ya zuba wa Baba ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Baba, yau ba inda zan je. Ina nan. Faɗi duk abin da kake so. Kada ka yi sauri. A hankali. Ina jinka. Bismillah. Ko mu fara da shayi? Sha... sha..."

Baba ya dube shi, ya dubi filas, ya lumshe ido. Minti ashirin suka cika bai ce ko uffan ba. Da Yaya ta zo ɗaukar wayar sai ta ce, "Yau kam ko ni da nake kicin na gaji."

Auta ya kwana da abin, ya tashi da shi. Lissafin a fili yake, kuma lissafi aikinsa ne. In ya bar kiran, Baba zai yi magana amma shi ba zai ji ba. In ya zauna a cikin kiran, zai ji amma Baba ba zai yi ba. Hanya ɗaya ta rage, kuma da ya gano ta sai da ya waiga ya tabbatar ba kowa a bakin ƙofa.

Da azahar ya buɗe hoton da Yaya ta turo, ya buɗe kyamara, ya shiga gwaji. Baki a ɗan buɗe. Idon hagu rabi. Yatsa a kusurwa. Ya duba agogo: daƙiƙa arba'in ya iya, idonsa ya fara ƙaiƙayi. Ya sake. Dogo ya leƙo neman takardar mota, ya tarar da shi a haka, ya tsaya.

"Oga, lafiya?"

"Lafiya lau. Takardarka tana kan kwali."

Dogo ya ɗauka ya fita da baya.

Ƙarfe huɗu ya yi. Yaya ta jingine waya ta wuce kicin. Auta ya gaishe da Baba a gajarce. Bayan minti biyu saƙo ya faɗo da ƙararsa, domin da gangan ya bar sanarwar a kunne. Ya ɗaga hannu kamar kullum, ya kai yatsunsa gefen tabilet, bai taɓa ba, ya tsaya cak.

Saƙon na Dogo ne: gadon da ya kai wa wata mata ba ya shiga ƙofar gidan. Na biyu ya biyo: mai gadon ta ce a cire ƙofar. Na uku: ya cire? Auta yana ganinsu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a saman allon, yatsunsa suna masa zogi. A rayuwarsa bai taɓa barin saƙo ya yi minti ɗaya bai amsa ba. Bai motsa ba.

Baba ya ƙura wa wayar ido. Ya jira. Ya gyara kansa a kan matashi da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa suka sauka, fuskarsa ta saki yadda Auta bai gan ta ba tun kafin ciwon. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Ka..." in ji Baba. Sai dogon shiru. "Ka... zo."

Muryar ta shaƙe, ta karkace gefe ɗaya, amma ita ce. Ita ce dai muryar da ta tashe shi makaranta shekara da shekaru. Zuciyar Auta ta buga har ya ji tsoron za a gani ta cikin rigarsa.

"Yau... ra... ra..."

Rana. Rana! Kalmar tana kan harshen Auta, tana tura haƙoransa. Ya danne ta. Kafaɗarsa ta fara ciwo saboda hannun da ke sama. Fanka tana kaɗa masa iska a ido.

"...rana. Zafi." Baba ya huta, ya goge gefen bakinsa. Wajen minti ɗaya ya yi yana tattaro ta gaba. "Kai... ka fi... wancan."

Ya numfasa.

"Wancan... sau... sauri."

Bai faɗa da fushi ba. Yadda mutum yake ba aboki labarin ɗansa ya faɗa, har da ɗan murmushi a ɓarin bakin da ke motsi. Wannan murmushin ne ya karya Auta. Idon hagun da ya riƙe a rabi ya cika, hawaye ya taru, ya gangaro ta gefen hancinsa ya shiga bakin da yake a buɗe. Ba yadda zai yi ya share.

Baba ya lura. Ya matso da kansa kusa da wayar, ya kanne ido, ya bi hawayen da kallo har ya sauka. Ya dubi ƙasan allon, inda ƙananan haruffan nan suke fitowa kullum. Babu su.

Shi ke nan, in ji Auta a ransa, an kama ni. Yanzu zai juya kai bango. Ya ji kamar ya roƙe shi, ya ce Baba yi haƙuri, amma ya san in ya buɗe baki da kalma ɗaya ya ɓata komai. Wayar ofis da ke kan tebur ta fara ƙara. Manaja ne, tabbas a kan maganar ƙofa. Ta yi ta yi ta gaji.

Baba ya koma ya jingina. Ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Au... ta."

Auta ya ci gaba da riƙe hannunsa a sama.

"Sauke... hannu," in ji Baba. "Zauna... haka."

Ya sauke hannun a kan tebur, ya rufe bakinsa, ya zauna. Baba ya tattaro leɓensa ya fara neman kalma ta gaba. Ta ɗauke shi kusan minti biyu, kuma tun daga harafin farko Auta ya san wace ce. Ya bar shi ya kai ƙarshenta da kansa.