Ranar da Na Ƙi Juya Baya

Mu magoya bayan Masu Ja muna da wata ɗabi'a a filin wasa: idan aka ba abokan karawarmu fenareti, sai mu miƙe gaba ɗaya mu juya wa fili baya. Abin ya faro ne tun zamanin golanmu Gizo. A wani wasan ƙarshe tsoro ya hana mutane kallo, suka juya, shi kuwa Gizo ya yi tsalle ya cafke ƙwallon. Tun daga ranar, duk wanda ya leƙa har ƙwallo ta shiga, laifin a wuyansa yake.

Ni kafinta ne. Benci ɗaya muke zama da Mai Aski da Tela tun kafin mu yi aure, kuma a kan cinyoyinmu ɗana ya koyi kallon ƙwallo. Da ya girma ya iya bugawa, ƙungiyarmu ta ce ya cika siranta. Sai Masu Shuɗi suka ɗauke shi. Masu Shuɗi fa, waɗanda ko labule mai launinsu ban yarda a rataya a gidana ba.

Ana gobe za mu kara da su, ɗana ya same ni a shago ina auna katako.

"Baba, koci ya ce idan an samu fenareti ni zan buga." Ya sosa ƙeya. "Na san abin da kuke yi. Amma ina so ka gani da idonka."

"Zan gani," na ce.

Bayan ya fita na yanka katakon, sai na ga na rage masa tsawo.

A gida na dami babarsa da tambaya. Ya ci abinci? Takalmin bai matse shi ba? Ta ce in dai haka zan yi, in zauna in saurara a rediyo. Babban abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai tsaron bayanmu, Katanga. Shekaru ina yabonsa saboda yadda yake kwashe ƙafafun mutane, ban taɓa tuna cewa su ma 'ya'yan wasu ba ne.

A fili Tela ya dube ni sama da ƙasa.

"Kafinta, ɗaga rigar mu gani. Ba shuɗiya ka sa a ciki ba?"

"Ƙyale shi," in ji Mai Aski. "Yau ko an ci mu ko mun ci, shi dai da biki zai koma gida."

"Ko da hawan jini," na ce.

Wasa ya yi nisa babu ci. Duk lokacin da Katanga ya nufi yaron sai in ji na ce, "A hankali mana," Tela ya zungure ni da gwiwar hannu. Can dab da tashi, Katanga ya taɗe wani ɗan Shuɗi a gaban raga. Alƙalin wasa ya busa usur. Ɗana ya ɗauki ƙwallo ya ajiye ta.

Ɓangarenmu duka ya miƙe ya juya. Ni ma ƙafafuna sun fara juyawa da kansu, don sun saba. Sai na ga yaron ya ɗago kai yana duba bencinmu. Na tsaya cak, fuska ɗaya tak a cikin ƙeyoyi.

"Kafinta, juyo," Tela ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Za ka kashe mu."

"Na yi alkawari."

A lokacin ne na lura da hannun Mai Aski. Ɗan madubinsa na shago ne a tafinsa, ya karkata shi ta saman kafaɗa, Tela kuma ya matso da kai yana leƙe a ciki.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun zamanin Gizo. Yi shiru, ga shi zai buga."

Yaron ya taho a guje, ya ɗan yi jinkiri, golanmu ya faɗi dama, ƙwallo ta mirgina hagu ta taɓa raga. Ban yi ihu ba, ban kuma yi tsaki ba. Na dai koma na zauna.

An tashi ɗaya da nema. A bakin ƙofa wasu suka fara cewa wani ne ya leƙa. Tela ya ce shi bai ga kowa ba, ai bayansa ya juya.

Yaron ya fito da jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Mai Aski da Tela.

"Ɗan nan, haka ake yi wa iyaye?" in ji Mai Aski. "Amma wannan ɗan jinkirin da ka yi kafin bugu, ya yi kyau."

"Kawu, kai da ka juya baya, ya aka yi ka gani?"

"Babanka ne ya ba ni labari."

Yaron ya juyo gare ni. "Baba?"

"Ƙasa ta hagu, dab da ƙarfen raga," na ce. "Da ka ƙara ɗan yatsa ɗaya, da waje ta yi. Kada ka sake yi mini haka. Ina Katanga ya taka ka? Ɗaga wandon in duba."