Taliyar Yaya Thawi

"Taliya na ce, Lamyai. Wa ya aike ki da wannan abincin majinyata?"

Tsoho Thawi ya ture kwanon faten shinkafa har ya kusa faɗowa daga tebur. Lamyai, mai rumfar taliyar bakin layin, ko juyowa ba ta yi daga kan tukunya ba.

"'Yarka ce ta aike ni, Yaya. Likita ya hana ka gishiri, ya hana ka barkono."

"Tana can Bangkok, ta waya take mulkin cikina? Kwano ɗaya tak, da naman agwagwa. Wa zai gaya mata?"

"Ni zan gaya mata. Ci abin da ke gabanka."

Bai ci ba. Ya tashi yana jan silifas, ya tsallaka zuwa gidansa. Tun Lamyai tana goyon fari yake zama a teburin nan, kullum yana kushe romon, kullum yana shanyewa tas. Washegari tagarsa ba ta buɗe ba. A barci ya tafi, da yunwarsa.

Haushi ya hana Lamyai kuka. Tana jin haushin likita, da na Wanphen 'yar tasa mai ba da oda daga nesa, har da na tsohon da kansa. Ina amfanin hana mutum abin da yake so, in dai gobe ma tafiya zai yi?

A haikali aka ajiye akwatin gawar. Kowace rana ana ajiye masa abinci a gefe, a ƙwanƙwasa akwatin a kira shi ya ci. Lamyai ta haɗa kwanon da ya roƙa, barkono har da ƙari, ta rufe rumfa da tsakar rana ta nufi can.

Wanphen ta tare ta a ƙofa, cikin baƙaƙen kaya.

"Goggo, taliya a wurin makoki? Kin fi ni sani. Abu mai tsawo jan wani yake yi ya bi mamaci. Wa kike so ya bi shi, ni ko 'ya'yana?"

"Yana raye kin hana shi, ya mutu ma sai kin hana shi?"

"Don ya daɗe na hana."

"To ga shi nan ya daɗe."

Idon Wanphen ya kawo ruwa, amma ba ta matsa ba.

"Ai ba ni na ajiye masa faten ba, Goggo."

Maganar ta daki Lamyai a ƙirji, don gaskiya ce. Ta tsuguna nan kan matakala, mutane suna kallo, ta zaro almakashin da take yanka ganye da shi daga aljihun gaban riga. Ta dinga datsa taliyar a cikin romo, sai da ba a bar sili ɗaya da ya kai ƙwayar shinkafa tsawo ba.

"Duba da kyau. Akwai abin da zai ja wani a nan?"

Wanphen ta leƙa kwanon, ta daɗe, sannan ta kauce.

Lamyai ta ajiye shi a gefen akwatin, ta gyara cokali ta wajen hagu, don tsohon bahago ne. Ta ƙwanƙwasa katakon.

"Yaya Thawi, ga ta nan. Tashi ka kushe."

Ta zauna a ƙasa, almakashin a cinyarta, har tururin ya daina tashi.