Karsanar Hamadu da Lakar Fadama

Bayan Suwame a gefen Kumasi, inda hanyar arewa take gangarowa, akwai wata fadama da mu mutanen Zango muke kira Ruwan Kofato. Ba ta da kyan gani. Laka ce baƙa mai tsami, tana fitar da 'yan kumfa kamar akwai mai barci a ƙarƙashinta. Na taɓa yini guda ina kallon kumfar nan ko zan gane lokacin da take fitowa, ban gane komai ba.

Shanun da ake korowa da ƙafa daga ƙasar Mosi sukan iso Kumasi kofatonsu ya cinye, wasu har suna taka jini. Irin waɗannan ba a kai su kasuwa, sai a kai wa tsoho Hamadu. Shi kuma ya tsayar da su cikin lakar har gwiwa, daga hantsi zuwa la'asar, kwana ashirin, su fito suna takawa garau. Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba.

A shekarar da aka fara cewa Turawa za su tafi, wani makiyayi ya iso da jar karsana mai ciki, kofatonta na baya duk sun tsage. Ba zai iya jira ba, kuma ba ya son a sa mata wuƙa da ɗa a cikinta. Ya miƙa wa Hamadu igiya ya ce, "Baba, na ba ku ita. In ta tashi, taku ce."

Da ya koma gida yana magana shi kaɗai, matarsa Asama'u ta ce, "Malam, yau kuma da wa ake hira?"

"Da saniyata."

"Saniyarka? To, bari in wanke ƙwaryar tatsa, kada arziki ya same mu da datti."

Dariya take yi, amma ta wanke ƙwaryar.

Kwana uku karsanar ta yi a laka. Rana ta huɗu Hamadu ya tarar an ja waya mai ƙaya daga bakin hanya har gindin rimi. A bayan wayar ga Abukari tsaye, ɗan aminin Hamadu, marigayi Issifu. Gyaran manyan motoci yake yi, wuri ya yi masa kaɗan.

"Abu, mene ne wannan?"

"Baba, sarkin ƙauyen nan ya ba ni wurin. Zan cike shi in yi rumfar aiki."

"Ka cike bayan kwana goma sha bakwai. Ita kaɗai ce."

Abukari ya dubi ƙasa. "An gargaɗe ni, Baba. In saniya ɗaya ta shiga, an ce hanya ta buɗe ke nan, gobe ɗari za su zo. Ku yi mini haƙuri."

Magana ta watsu a Zango. Masu shanu suka ce fadama ta kowa ce, mata masu yankan ganyen naɗe goro suka ce ta nan iyayensu suka bi. Ran Litinin muka ɗunguma wurin sarkin ƙauyen, wani tsohon Ba'asante da ba ya magana da kansa, sai ta bakin mai sandarsa. A kan sandar akwai kunkuru na zinariya da katantanwa a bayansa. Na so in tambayi ma'anarsa, ban sami fuska ba.

Hamadu ya tashi ya ce, "Nana, da hannuna na riƙe igiyar ragon da manyanmu suka kawo wa kakanku, ya ba mu wurin nan."

Mai sanda ya ce, "Nana yana tambaya, kwalba nawa kuka kawo?"

"Mu Musulmi ne. Limaminmu ya ce ba ma ɗaukar giya ko da ba mu za mu sha ba. Sai muka ƙara ƙwaryar goro a madadinta."

Sarki ya daɗe yana yi wa mai sanda raɗa. Sannan mai sanda ya juyo, babu fushi a fuskarsa.

"Nana ya ce ragonku an ci, an gode. Goro an tauna. Amma masu ƙasar nan suna cikin ƙasa, ba su da haƙori, abin da aka zuba musu kawai suke ji. Ba wanda ya gaya musu an ba ku wuri. Baƙi ne ku da aka bari ku shayar da dabba. Wannan saurayi kuwa ya zuba."

Duk muka waiwaya muka dubi Abukari.

"Wallahi ban taɓa kwalba ba!" in ji shi. "Abokin aikina Kwaku ne ya ɗauko."

Mutaru mahauci ya ce, "Ashe zunubi ma ana ba ɗan dako!"

Wasu suka yi dariya. Hamadu bai yi ba. A hanyar komawa ya ce mini, "Da a ce yau ne, da haka za mu sake yi. Liman bai yi kuskure ba." Ya yi 'yan taku, ya ƙara da cewa, "Amma ƙafar karsanar tana wari."

Abukari ya yarda a ɗebi laka ta ƙarƙashin waya. Hamadu ya haƙa rami a bayan gidansa, shi da Asama'u suka riƙa ɗauko laka a daro, sawu huɗu kullum, tsofaffi biyu suna tafe suna hutawa. Lakar da ta bar fadama kafin azahar ta bushe ta tsattsage. Suka zuba mata ruwan famfo, ta zama taɓo kawai irin na kowace kwata. A kwana na shida motoci suka fara juye garin katako a bakin fadamar, abin da su Hamadu suke ɗebowa ya koma ja, yana ƙamshin itace.

Ran kwana na tara karsanar ta kwanta. Muka taru mu biyar muka ɗaga ta da tabarma, ta tsaya kaɗan tana rawar jiki, ta sake zubewa. Ta ƙi ciyawa, ta ƙi dussa.

Mutaru ya zo ya duba idonta ya ce, "Baba, in kuka kai la'asar, mushe za ku ja."

"Saura wata biyu ta haihu, Mutaru."

"Na sani, Baba."

Hamadu ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa, yana sosa mata bayan kunne. Sannan ya juya fuskarta gabas da kansa, ya ce wa Mutaru, "Bisimilla."

Bai yarda a kai ko tsoka kasuwa ba. Ya ce a raba gida gida. Asama'u ta zauna tana kasawa, idonta ja, tana kiran sunayen maƙwabta. Da ta zo kan kashin ƙarshe sai ta tsaya.

"Malam, gidan Issifu fa?"

Hamadu yana wanke hannu. Bai ɗago ba.

"Kai musu," in ji shi. "Ki sa hanta. Uwar Abu ba ta iya tauna nama."