Gidan da Batirinsa Ba Ya Sauka

Jelani ya sa sola a gidaje biyu lokaci guda: gidan mahaifiyarsa Hajiya Hindu a Mabera, da na surukarsa Hajiya Sadiyatu a unguwar Gidan Dare. Ya haɗa duka biyun da wayarsa, yana zaune a Arkilla yana ganin abin da rana ta zuba wa kowane batir da abin da aka kwasa.

Hajiya Hindu lissafi ta koyar har ta yi ritaya, don haka allon inbata, na'urar da ke raba wa gida wutar batir, bai ba ta wuya ba. Ta mayar da guga tsakar rana, lokacin da a da take ƙailula. Firji ya sha wuta har la'asar, sannan ta kashe shi. Fanka ɗaya ta ishe ta. Batirinta kullum a cike yake kwana.

Ladan da ta samu shi ne Jelani ya daina zuwa. Can baya, duk ranar da janareta ya ƙi tashi sai ga shi da kansa. Yanzu sai dai waya.

"Inna, na duba, gidanki lahiya lau. Da ma Hajiyar Gidan Dare za ta yi koyi da ke!"

Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce tana kewarsa. Sai ta ce, "To, madalla," ta ajiye wayar.

A wani gidan suna aka zaunar da su tabarma ɗaya da Hajiya Sadiyatu.

"Ni kam abin ga ya gagare ni, Hajiya," in ji Sadiyatu. "Shekaranjiya ma kuwwa ya dinga yi, sai ga Jelani da ɗiyata Balkisu da yara duka. Nan sunka wuni, yana koya mini. Wallahi kin haihu, yaron ga akwai haƙuri."

"Ikon Allah. Ba ki duba lambar da ke jikin allon?"

"Ina ni ina lamba? Ku na 'yan boko."

Ta faɗa tana murmushi, tana gyara gyale. Wannan ita ce matar da ta haddace lambar wayar kowa a danginta, har da na jikoki. Hajiya Hindu ta ajiye wainar da ke hannunta. Wai suruki kunyar gidan surukai yake ji! Ga nata ɗan can yana wuni a tsakar gidan wata, jikokinta suna wasa a gindin bishiyar wata, ita kuwa an bar ta da yabo ta waya.

An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo. Ba a faɗi cewa shi kaɗai yakan zauna ya sha abinsa ba.

Da ta koma gida ta jira har rana ta sauka daga kan farantan sola. Sannan ta kunna firji, ta jona butar lantarki, ta ɗauko dutsen guga ta hau goge zannuwan da ta riga ta goge. Tana yi tana leƙen allo. Lambar tana zubewa, ita kuwa ta san daidai inda abin zai tsaya. Kafin magariba inbata ya fara tsuwa. Waya ta yi ƙara. Ta duba ta ga Jelani ne, ta ci gaba da guga.

Ana idar da salla ta ji mota a ƙofar gida. Daga zaure muryar Balkisu ta iso mata, tana yi wa Jelani magana ƙasa-ƙasa.

"Girma na, Baban Saudatu. Kamar wasa mantuwa ka farawa. Haka Hajiyarmu taf fara."

Hajiya Hindu ta dafa bango. Ita, mantuwa? Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Gobe kuwa labarin zai kai Gidan Dare, a ce Malama ma ta rikice.

Jelani ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, yana kallon fuskarta kamar ya daɗe bai gan ta ba. Ya rame, ga furfura ta fara fito masa a gemu. Ya cire butar daga wuta, ya jawo tabarma kusa da inbata.

"Inna, zauna nan in nuna miki. Kin ga wagga lamba? Kamar randa ta, in anka ɗiba sai ta ragu."

Yana magana a hankali, yana jan kowace kalma. Da ya zo lissafin abin da dutsen guga ke ci sai ya yi kuskure, ya ninka inda ya kamata ya raba. Gyaran ya zo mata har bakin leɓe. Ta dubi Balkisu da ke tsaye tana tausaya mata, ta dubi ɗanta da ya riga ya ɗauko makullin mota.

Ta haɗiye.

"To shi wanga jan da ka ƙyaftawa, mi yaka nufi?"

Jelani ya numfasa, ya ajiye makullin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Bari in sake miki daga farko, Inna."