Kujerar Heluma

Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙa a Łódź, ban taɓa zama a bakin aiki ba ko sau ɗaya. Inji shida nake kula da su, in bar wannan in ruga wancan. Kowane zaure kujera ɗaya gare shi, doguwa ta ƙarfe mai ƙafa uku, ba majingina. Ta heluma ce, mai sa mana ido, a kanta yake ɗarewa yana hangen wadda zarenta ya tsinke.

Yanzu ƙafafun sun ƙi. Gidana a hawa na huɗu yake, likita ya ce wata rana a kan matakala za a tsince ni. Da 'yata Jagoda ta ce in koma wurinsu, wallahi na yi murna. Ba abin da nake nema sai inda zan zauna in huta.

Ranar da na tare, mijinta Remigiusz ya rufe min ido da hannu har kicin. Ina buɗewa sai ga teburi har ƙirjina, da irin kujerun heluman nan guda huɗu. Ko tsatsar ba a kankare ba.

"Mama, kin gane su?" in ji Jagoda. "Daga masaƙarku suka fito! Wata uku muna nema. Su ake yayi yanzu."

"Ina kujerun babanki masu majingina da na ba ku?"

"Haba Mama, wannan tarkacen? Mun kyautar. Hau in ɗauke ki hoto, kamar kina bakin aiki."

"Bakin aikin wa? Ta heluma ce, 'yar nan. Mu a tsaye muke wuni."

Remigiusz ya tuntsire da dariya. "To shi ke nan, Mama, yau ke ce heluma!"

Na gwada, don kada a ce tsohuwa ta zo da rigima. Na ɗora ƙafa a kan ƙarfen takawa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Su biyu suka tallafe ni, abin ya faskara. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya biyo baya.

"Za ki saba, Mama," in ji Jagoda, tana zuba miyar kabeji.

Suka haye, suna lilo da ƙafa. Gidana kuwa an riga an miƙa wa wasu makulli. Na jingina ƙirji da teburi na ɗauki cokali. Dama haka muke ci a masaƙa, a tsaye, mai kujera yana kallonmu daga sama.